Gudrun, Wadda Ta Hana Iyaye Sulalewa

Tun gari bai gama wayewa ba Gudrun Overgaard take jingine kekenta a bakin gidan renon yara na unguwarmu a garin Lemvig, ko ruwa ake ko iska. Ta kunna fitilu, ta yanka baƙin burodi, sannan ta tsuguna a bakin ƙofa, don ba ta gaisawa da yaro daga tsaye. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ni kuwa na ce ba za ta tafi shiru ba.

Duk wanda ya kai ɗa wurinta ya san bakinta. Ka durƙusa za ka sa wa yaro takalmi, sai ka ji: "Hannunsa ya karye ne? Bar shi ya sa!" Ka ce kana sauri, ta ce gobe ka taso da wuri. Mun yi gunaguni har mun gaji, amma yaranmu sun iya sa takalmi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai Solvej ce, 'yar ƙanena Asger. Shekararta uku, tana barci aka tafi da uwarta asibiti, ba ta dawo ba. Daga nan yarinya ta manne wa ƙafar ubanta. Shi kuma ba ya iya jin kukanta, in ya kai ta gidan renon sai ya ɗauke mata hankali da kayan wasa, ya sulale ta ƙofar baya. Solvej ta daina cin abinci a can, ta daina magana, sai ta wuni tana gadin ƙofa. Har Asger ya fara zancen ajiye aikinsa na jirgin fito.

Ina wurin ranar da Gudrun ta tare shi.

"Ina zuwa haka, kamar ɓarawon kaji?"

"Haba Gudrun, in ta gan ni za ta yi kuka."

"To ta yi mana! Yarinyar da ta farka ba ta ga uwarta ba, ita za ka riƙa ɓace wa kullum? Koma ka yi mata sallama."

Ya koma, ya tsuguna, ya faɗi abin da Gudrun ta ce ya faɗa: zai tafi aiki, zai dawo bayan sun ci tuffar yamma. Sai Gudrun ta ce, "Solvej, ture shi waje. Da ƙarfi!" Yarinya na kuka ta sa hannu biyu ta ture ubanta, aka ɗaga ta kan taga ta yi masa bai-bai. Da yamma ba ta gama tauna tuffa ba sai ga shi.

Haka suka yi ta yi har hunturu ya wuce. Wata safiya ta ture shi, ta ruga wajen ƙawayenta tana surutu. Asger na tsaye a waje, hannu a sama, yana jiran ta leƙo. Gudrun ce ta buɗe tagar.

"Tafi aiki, Asger. Ba ta da lokacinka."

Ƙato guda ya tsaya a titi yana sharɓar kuka. Ni ma na yi, ba na jin kunyar faɗa.

Gudrun, ke ce kika mayar mana da muryar yarinyar nan, kuma ba da daɗin baki kika yi ba. Mun gode, uwar ɗakin unguwa. Ku kuma iyaye, ku ɗauki wannan daga gare ta: in za ku fita, ku dubi idon yaro ku ce za ku tafi, ku gaya masa lokacin dawowa, sannan ku dawo.