Malam Jika da Gurbin Sunan Saniya

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Badruddeen Abdulfatah, wanda aka fi sani da Jika, a shekarar 1949 a unguwar Kwararafa da ke Jos. Mahaifinsa tela ne da ya zo garin a zamanin haƙar kuza, sunan mahaifiyarsa Hassana. Ya sauke Alƙur'ani a 1961, ya kammala sakandare a 1968, sannan ya sami horo kan lafiyar dabbobi a Vom.

Aiki da aure

A 1972 ya kama aikin malamin rigakafi, ya kuma shafe shekara ashirin da takwas yana rubuta shanu kamar yadda makiyaya ke kiransu, wato da suna da launi da sunan uwa, bisa hujjar cewa lambar kunne takan faɗi a daji. Ya auri Malama Rahma a 1975.

Manhajar Garke

Bayan ya yi ritaya a shekarar 2000, ya koyi kwamfuta a hannun tsohon abokin aikinsa Pwajok, ya shiga sahun masu gina Garke, manhajar ajiye bayanan rigakafi wadda kowa ke da damar duba cikinta ya gyara kyauta. Shi ne ya ƙara mata gurbin sunan saniya a 2002.

A 2004 akasarin maginan, waɗanda ke zaune a manyan birane, suka yanke shawarar cire gurbin, lamba kaɗai ta rage. Ba za a cire shi farat ɗaya ba: sababbin sigogin manhajar uku a jere za su riƙa nuna gargaɗi, ta huɗu ta zo babu gurbin. An ce ƙa'ida ke nan, kuma da zarar an ambaci ƙa'ida mutane sukan daina tambaya. Malam Jika ya tambaya. Ya rubuta musu cewa ofisoshin karkara sittin da uku da ke amfani da Garke ba su da intanet, a faifai ake kai musu ita, shekara biyu ko uku sau ɗaya, saboda haka gargaɗin zai wuce ba su gan shi ba. Amsar da ya samu ita ce babu wanda ya kawo ƙorafi. To, ta ina zai kawo?

A 2006 sabon faifai ya kai karkara, aka tsallake daga siga ta biyu zuwa ta shida. Bayanan shanu kimanin dubu goma sha ɗaya suka ƙi buɗuwa, makiyayi ya zo da saniyarsa a rasa sanin ko an yi mata allura ko ba a yi ba.

Shekarun ƙarshe

Shi da Pwajok suka rubuta 'yar manhajar da ke maido da tsofaffin bayanan, ya riƙa bin ofisoshin a kan babur, ɗaya bayan ɗaya, duk da ciwon gwiwa da hawan jini. Yakan ce wa Pwajok su biyu sun tsufa, su ma gargaɗinsu ya fito, saura cirewa. Maginan sun yi masa godiya a layi ɗaya, ba su maido da gurbin ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 17 ga Maris 2009, bayan ya kammala ofisoshi hamsin da huɗu. An yi jana'izarsa bayan la'asar, aka binne shi a Jos. Ya bar matarsa Rahma da 'ya'ya huɗu: Abdulfatah, Sumayya, Mu'azzam, da Kausar, wadda fayafayan ofisoshi taran da suka rage ke hannunta, ba a zo nema ba har yau.