Tsohon da Ya Ƙi Karɓar Taba

Delphine ba ta san tsohon nan ba, ga alama daga gangaren kogi ya zo. Yana tsaye a ƙofar sabon asibitin da kamfanin man fetur ya gina wa garinsu, ana bikin buɗe shi, dogo siriri, furfurarsa a kitse gida biyu, yatsunsa duk kantar jan raga. Masunci ne, in ji zuciyarta, kuma idanun nan sun ga jana'iza da yawa.

Wakiliyar kamfanin tana miƙa masa taba ƙulle cikin jan ƙyalle, yadda ake roƙon dattijo ya sa albarka a al'adarsu. Sai ya mai da hannuwansa baya. Tunda Delphine take, ba ta taɓa ganin dattijo ya ƙi karɓa a bainar jama'a ba.

Ya zaro busasshen kifi daga aljihu. "'Yata, na kogin da ke bi ta bayan ma'aikatarku ne. Ci ko loma ɗaya, sai in yi muku addu'a."

Matar ta karɓa tana yaƙe, tana ta jujjuya shi. Bai kai bakinta ba.

"Kada ki ji kunya," in ji tsohon. "Ni ma na hana jikokina ci."