Irin Dawarmu a Kan Keken Baba Ɗanhausa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da dam ɗinmu a ƙasar Faskari ya san ƙararrawar keken Baba Ɗanhausa. Dogo ne siriri, da wata malafa da ta sha duniya. Abokin kakana Mani ne tun suna kiwon awaki, don haka ni matarsa ce ta wasa. In ya tsaya ƙofar gidanmu sai ya ce, "Ina amaryata Suwaiba? A kawo ma ango ruwa." Ni kuwa in ce wane irin ango, mutumin da duk dukiyarsa keke ne mai tari.

Iyayensa Maguzawa ne, shi kuma ya shiga coci tun yana saurayi. Wannan bai hana shi cin tuwon salla a gidanmu ba, bai kuma hana kakana zuwa masa gayya ba. Noma yake kamar kowa. Amma da an kai amfani gida sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Ya ɗaure famfo da kayan faci da goran ruwa a kariyar bayan keke, ya zagaye dam ɗin kaf, ruwa na hannunsa na hagu har ya dawo inda ya tashi. Ba bakin ruwan kaɗai yake bi ba fa. Yakan buɗa har ƙauyukan Sabuwa, wata shekarar ya miƙa wajen Mabai da Pauwa, sannan ya faɗo Yankara ranar kasuwa. Kwalta kaɗan ce a hanyar. Sauran burji ne mai tsakuwa, da turbar shanu, da rairayin da sai ya sauka ya tura, da fadamar da keken ne ke hawa kafaɗarsa.

Ba talla yake ba, ba kuma biki ake gayyatarsa ba. In an tambaye shi abin da yake nema, sai ya ce an ce zumunta a ƙafa take, to shi tasa a taya take.

Yana da wata ɗabi'a. Duk gidan da ya sauka ba ya karɓar guzuri. Abin da yake roƙo zangarniya ɗaya ce daga wadda aka ware don iri, dawa ko gero ko maiwa. Ya soke ta a kariya, in ya isa wani gari ya ba wanda ya ga dama, ya karɓi wata. Kar ka kuskura ka ce ka gode, yanzu zai ɓata rai. "Ba a gode ma iri sai ya tsiro," in ji shi. Mutane na ta dariya, wai tsoho na yawo da abincin tsuntsaye.

Mu muna da dawarmu ta gado. 'Yar Mani ake ce mata, don kakana ne ya riƙe ta bayan kowa ya koma irin zamani. Fara ce, wuyanta a lanƙwashe, tana nuna da wuri, ɗumamen tuwonta kuma ba ya tsami. Bayan rasuwarsa, kakata Iya Ramatu ce ke zaɓen zangarniyar iri da hannunta, ta rataye a ɗakin girki inda hayaƙi zai kore ƙwari.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu. Ba zan tsaya kan wannan ba, wanda ya sani ya sani. Mun tsira da rai muka raɓe wajen dangi a Yankara, rumbuna da ɗakin girki kuwa suka zama toka. Da ƙura ta ɗan lafa muka koma, babana ya sayo irin zamani a kasuwa. Iya ta juya shi a tafin hannu ta mayar masa. Ba ta yi kuka kan ɗakinta ba, ba ta yi kan tukwanenta ba, amma ranar ta ce, "Yanzu ne Malam ya mutu," tana nufin kakana. Daga nan abinci ya fita ranta. Tana ramewa muna kallo, ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas. In ruwa ya sauka ba a samo irinmu na gado ba, sai wata damina, kuma wallahi ban ga alamar Iya za ta kai wata daminar ba.

Ni na je na sami Baba Ɗanhausa. Lokacin gwiwarsa ta matsa masa, ya daɗe bai zagaya ba, har ɗansa Samuel ya jingine keken a bayan ɗaki. Na ce, "Ango, duk zangarniyar da ka kwashe mana shekara da shekaru, ina ka kai ta?"

Ya ce, "Aradu na ba mutane da yawa. Wanda ya shuka ne ban sani ba."

Samuel ya ce hanya ba lafiya, in dole ne shi zai kai shi a babur. Tsohon ya ƙi. Ya ce yanzu ƙauye in an ji ƙarar babur gudu ake yi, ƙararrawarsa kuwa ko kare ya san ta. Na san ni na tayar da maganar, amma ban hana shi ba. Washegari ya zuba wa sarƙa mai ya kama hanya.

Abin da ya gani, daga baya ya ba mu labari. Garin farko kango ya tarar. Wani Harisu da ya taɓa ba wa a wajen Sabuwa, yunwa ta sa sun daka nasu sun ci. Wani kuma ya ce ya daina shuka dawar tamu, don tana riga sauran nuna tsuntsaye su yi mata taron dangi. Ƙaya ta yi ta huda taya har faci ya ƙare, ya cusa tsumma a ciki ya ci gaba. Inda gwiwa ta ƙi feda, ya sauka ya tura. Can a wata 'yar unguwa kusa da Pauwa ya roƙi ruwa wajen wata tsohuwa, Inna Zulfa. Yana zaune bakin ɗakin girkinta ya ɗaga kai, sai ga 'yar Mani rataye, hayaƙi ya rine ta, wuya a lanƙwashe. Ya ma manta ya taɓa ba mijinta. Su can 'yar mai keke suke ce mata. Tsohuwar ta raba abin da ta rataye biyu ta miƙa masa rabi.

Ranar da ya dawo an yi yayyafi da safe. Ina jin ƙararrawa na fito ko mayafi ban ɗauka ba. Ya rame, gwiwa ta yi suntum, tayar baya duk ta lotse. Ya kwance ƙullin daga kariya ya ce, "Amarya, ga lefenki."

Iya ba ta gani sosai. Ta shafa zangarniyar tun daga wuya, ta murje ƙwaya ɗaya ta jefa a baki, ta ciza da 'yan haƙoran da suka rage mata. Ta daɗe tana taunawa. Sannan ta ce, "Ita ce. Suwaiba, akwai sauran tuwon jiya? Ɗumama mani."

Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga mini hannu. Kai, mutumin nan akwai taurin kai. Haka na haɗiye ta, tana cina a ƙirji.

Wannan ne zagayensa na ƙarshe, gwiwar ba ta sake yarda da feda ba. Ruwa ya sauka muka shuka, Iya da kanta ta jefa ramin farko. Kullum sai na leƙa gonar kamar mai jiran haihuwa. Safiyar da na ga koren ya keto ƙasa, daga can na wuce gidansa da laka a ƙafata. Yana zaune kan tabarma kusa da keken. Na durƙusa, babu ango babu amarya, na ce, "Baba, ta tsiro. Na gode."

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "To, yanzu na karɓa, ɗiyata. Je ki gaya ma Ramatu abokina Mani ya koma gonarsa."