Inda Mahaifin Mama Ya Kwanta

Duk ranar da Mama ta ɗora miyar kabeji a kicin ɗinmu na McLeansville, nan ƙasar waje, ƙamshin sai ya mayar da ni Jos. Mama Baturiya ce 'yar Yukren. Babanmu ya je can karatun likita, ya dawo da takardar shaida da mata, abin da kakata ba ta aike shi ya kawo ba.

Amma ba a daɗe ba Mama da kaka suka shaƙu. Da damina, sanyi na ratsa bango, za ka gan su a tsakar gida suna feraye dankali, kaka na gyara mata Hausa, ita kuma tana ɓata ta da gangan don tsohuwar ta yi dariya. Abu ɗaya ne ba a taɓawa. Da Kirsimeti mukan je ƙauye, a nuna mana kaburburan kakanni, a jero mana sunayensu. Wata shekara na tambayi Mama ina na babanta yake.

"Ba ni da uba," ta ce, ta ci gaba da ninke kaya.

Kaka ce ta ja ni gefe ta faɗa mini. Baban Mama ya tafi yaƙin duniya na biyu tun tana cikin mahaifiyarta, bai dawo ba, ba a kuma aiko cewa ya mutu ba. Sai matan ƙauyensu suka ce ai yana raye, ya samu wata a wani gari. Da wannan maganar Mama ta girma, kuma na ga yadda ta ci ta. Ko babanmu ya yi lattin dawowa daga asibiti, ba ta iya zama.

Bara 'yata, wadda ba ta barin waya ta huta, ta ce akwai shafuka a intanet da aka zuba hotunan takardun sojojin wancan yaƙin, ana nema da suna da garin haihuwa. Na ji tsoro, gaskiya. In aka tarar ya tsufa da wasu 'ya'ya fa? Mama ta haura tamanin, zuciyarta ba ƙarfi.

Ita da kanta ta ce, "Ku duba. Na gaji da shi."

Mun yi makonni muna laluba, don ni ko harafi ɗaya na yarensu ban iya ba, abin kunya. Ranar wata Lahadi bayan coci wata takarda ta fito, rubutun hannu duk ya koɗe. 'Yata ta ƙara girmanta, ta ce, "Grandma, karanta, please." Mama ta sa tabarau, ta bi layin da yatsa. Ya rasu da rauni a asibitin sojoji, aka binne shi tare da wasu a bakin wani ƙauye. A wurin wanda za a sanar, sunan mahaifiyar Mama ya bayar. Saƙon ne bai taɓa isa ba.

Ban san sanda na fara kuka ba. Na tuna irin neman da aka kasa yi a da, ga shi yau an yi shi a teburin cin abinci, bayan duk masu jiran amsar sun tafi sai mutum ɗaya.

Mama ta daɗe tana kallon shekarar haihuwarsa. Sannan ta waiwaya ta taga, inda ɗana, wanda ya wuce shekarun da sojan nan ya rasu da su, ke wanke mota.

"Ashe yaro ne," ta ce a hankali. "Duk rayuwata yaro nake wa fushi."