Gwangwanin Malam Maiwada

Malam Maiwada na Saulawa manomi ne da bai taɓa cinye amfanin gona duka ba, sai ya ware iri. To haka ya ɗauki magani. In aka ba shi kafso na kwana biyar, yakan sha na kwana biyu, da jiki ya yi sauƙi sai ya jefa sauran cikin wani gwangwanin madara. Mai ciwon ciki a unguwa ya samu biyu, mai mura ya samu ɗaya. Har kajin matarsa Rahmatu sun ɗanɗana.

Abin da yake ji da shi a duniya kuwa, wurinsa ne a sahun farko ranar Juma'a, daidai bayan liman, shekara talatin.

Bara bayan girbi, fitsari ya fara yi masa zafi, ga shi ba ya jira. Ya buɗe gwangwani, ya sha ja da yalo, ya sha fari, ya sha wani da ba a san sunansa ba. Shiru. Juma'ar nan sau biyu ya tsallaka kafaɗun mutane ana tsaka da huɗuba. Da ya dawo da alwala ta uku, ya tarar amininsa Yahya ya baje a wurin.

"Riƙe maka na yi, sarkin buta," in ji Yahya bayan sallah.

Rahmatu ta tasa shi gaba zuwa asibiti a Ikara. Aka karɓi fitsari. Bayan kwana uku likita, wata Mukarrama, ta daɗe tana duba takarda.

"Baba, ƙwayoyin cutar nan sun saba da duk magungunanmu na sha, ba sa jin su. Wa ya haɗa su sabo haka?"

"Ga shi nan," in ji Rahmatu. "Kaɗan-kaɗan yake ba su, kamar mai kiwo."

Aka rubuta allura, kullum har kwana bakwai. Ran na huɗu Malam ya ji garau. Ya rage murya, ya ce wa likita:

"'Yata, ragowar ukun nan a sa mini a leda mana. Wa ya san baɗi?"

"Baba, Juma'a jibi ce. Juya a yi maka allura."

Malam ya tuna Yahya. Ya juya. Haka ya yi ta juyawa har bakwai suka cika.

Juma'ar da ta biyo, liman ya ja huɗuba. Yahya yana ta satar kallonsa, yana gyara zama. Malam bai motsa ba har aka sallame.

Gwangwanin yana nan. Irin kuɓewa ne a ciki yanzu, kuma Rahmatu ke riƙe da shi.