Manhajar da Na Zaɓa don Taron Tiyatar Inna

Likitan ya ce minti talatin zai iya ba mu, ranar Asabar bayan azahar, ya yi wa 'ya'yan Inna bayanin ƙarin da aka gano a cikinta da tiyatar da yake so a yi. Mu uku ta haifa. Babban yayanmu yana Garwa yana sayar da kayan gini, yayata tana aure a Faransa, ni ce auta, ni kaɗai nake tare da ita a gidanmu na unguwar New Bell a Duwala. Da yake a ofis nake aiki a unguwar Ndogbong, kullum ina gaban kwamfuta, sai aka ɗora min nemo hanyar haɗa kowa.

Kiran bidiyo na waya ba zai yi ba, don likitan yana so ya nuna hoton cikin a allo kowa ya gani. Kwana huɗu gare ni. Manhaja uku na gwada.

Ta farko ita muke taro da ita a ofis, na san ta ciki da waje, amma sai mutum ya yi rajista da imel. Na kira Yaya na gaya masa.

"Ban taɓa buɗe wannan abin ba, ba kuma yanzu zan fara ba," in ji shi.

Ta biyu ba ta da nauyi, tana jure raunin rezo, wato sabis na intanet, irin na unguwarmu, sai dai ta kyauta tana yanke taro in lokaci ya cika, ko da mutum yana tsakiyar magana. In likita ya makara, shi ke nan. Ta uku kuwa saƙo kawai za ka danna ka shiga, amma tana cin rezo sosai. Na yi ta yawo da kwamfuta daga tsakar gida zuwa zaure ina neman inda hoto ba ya daskarewa, har na samu bakin tagar ɗakin Inna.

Ranar Alhamis da la'asar na haɗa Yaya da yayata don gwaji. Tun rasuwar Baba ba su yi doguwar magana ba. Shi yana so a kai Inna Garwa a bi ta da magani, ba ya son a yanka tsohuwa. Ita kuma tana so a yi tiyata cikin makon. Ko gaisuwa ba su gama ba suka fara. Na lura manhajar tana ɗaga muryar wanda ya fi ƙarfi ta danne sauran. Na kuma lura da wani maɓalli a ƙasa, wanda mai buɗe taro kaɗai ke da shi, yana rufe muryar kowa.

Na zaɓi ta uku. Na gaya musu saboda sauƙin shiga ne. Wannan gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne dalilina.

Asabar ta zo da ruwan sama. Kwanon ɗakin yana ta ƙara, na jawo kujerar Inna kusa da ni, na ɗora kwamfutar a kan tabarmar da na naɗe a bakin taga. Likitan ya shigo taron daga ofishinsa bayan minti goma, ya ba da haƙuri, ya buɗe hoton. Da Faransanci yake bayani, ina juya wa Inna da Hausa a kunne. Ya nuna wani farin dunƙule, ya ce in aka bar shi zai toshe hanji.

Yaya ya katse shi. Ya tambaya ko zai iya rantsewa tsohuwa za ta farka. Yayata ta ce wannan ba tambayar da ake wa likita ba ce. Ya ce mata wadda ta yi shekaru ba ta zo gida ba ba ta da bakin magana. Ta koma Faransanci tana kuka tana zuba, shi yana ɗaga murya da Hausa.

"Ni fa..." in ji Inna. Babu wanda ya ji.

Ta sake: "Ni fa ina da tambaya."

Likitan ya duba agogonsa ya ce yana da mara lafiya yana jira, saura minti bakwai. Na kalli maɓallin. A gidanmu ba a katse Yaya, ko Baba da ransa yana barinsa ya kai ƙarshe. Na danna.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa. A allo bakin Yaya yana ta motsi, yana nuni da yatsa.

"Yi magana, Inna, suna jin ki," na ce.

Ta matso da fuskarta kusa da allon. "Tambaye shi, in an yi, zan iya kai goshina ƙasa a sallah kamar da?"

Na juya wa likitan da Faransanci. Ya ce ba nan take ba, sai ciwon ya warke, amma yana kyautata zaton za ta iya. Ya ce akwai haɗari ga mai shekarunta, ba zai ɓoye ba, sai dai haɗarin bari ya fi.

Inna ta ce, "To, a yi. A nan Duwala za a yi. Jikina ne, na yarda."

Na buɗe musu murya.

"Wa ya rufe min baki?" in ji Yaya.

"Ni ce, Yaya."

Ya dube ni, sannan hotonsa ya ɓace.

Ranar tiyata da safe na sami Yaya a kan bencin asibiti, jakar tafiyarsa a gefen ƙafarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kalma ɗaya. Awa uku muka zauna, akwai tazarar mutum biyu tsakaninmu, har likitan ya fito ya ce an cire ƙarin, Inna tana numfashi da kanta. Yaya ya rufe fuska da hularsa.

Kwana tara ya yi a gida. In yana son ruwa ko abinci, Inna yake gaya wa, ita ta gaya min. Ranar da zai koma na raka shi bakin titi ya tari mashin. Ya hau, ya gyara jakarsa a cinya, ya ce in riƙa ba ta maganin safe bayan ta karya, ba kafin ba. Na ce to, Yaya.