Littafin Ba Lambar Aljanu

Shekara goma sha bakwai Basira ta yi a ofishin fayil na wani ƙaramin asibiti a Gyadi-Gyadi. Aikinta ta karanta rubutun likita, ta duba littafin lambobin cututtuka ta mayar da ciwon lamba, a aika wa inshora su biya.

Wata Talata fayil ɗin maƙwabcinta Isyaku ya zo hannunta. Direban wani kamfani ne a Tarauni. Ƙwayar hana barci yake sha don ya kai kaya Legas ba tsayawa, har kansa ya juye. Inshorar da kamfanin ya yi wa direbobinsa kuwa ba ta biyan ciwon ƙwaya. Masu kamfanin su suka hana shi barcin, amma ko a jikinsu!

Mahaifiyarsa ta zo bakin tagar Basira. "'Yar nan, rubuta iska ce ta taɓa shi."

"Inna, wallahi littafin nan ba lambar aljanu."

"To ki sa zazzaɓi."

Likita ya riga ya sa hannu. Basira ta rubuta lambar gaskiya. Kwana uku aka sallame shi, ba don ya warke ba.

Yanzu yana ɗaure a soron gidansu. Kullum ta nan Basira take wucewa aiki, tsohuwar ba ta amsa gaisuwarta.